Baba Kalman, Marinin Dobrad, da Sirrin Ƙullunsa

Duk ranar Talata da Alhamis, kafin agogon coci ya buga bakwai, za ka ji ƙarar tsohon kekensa a titin bayan gidan raya al'adu na Dobrad. Keken nan ya fi ni surutu, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramar magana na yi ba. Baba Kalman zai jingine shi a katanga, ya zaro makulli daga igiyar wuyansa, ya sauka matakala goma sha ɗaya zuwa ɗakin rini. Ko magajin gari ya tarar a bakin ƙofa, ba zai gaishe shi ba sai ya gai da marina tukuna. Zai ɗage murfin katakon, ya sunkuya ya sansana, ya tsoma yatsa ya murza, sannan ya kwashe kumfar da ta taru a sama a hankali kamar mai kwashe maiƙon miya. In ya ce, "Ta kwana lafiya," to ranar akwai rini. In kuwa ya ce, "Yau ranta a ɓace yake," sai ya ba ta abincinta ya rufe, mu kuma mu koma buga hatimi muna gunaguni.

Shekara ashirin da bakwai yana wannan. A ƙarshen watan Agusta ya ajiye aiki yana da shekara saba'in da takwas, kuma ni Aranka na ce ba zai tafi shiru ba. Yabon gwani ya zama dole. Na yi shekara talatin da ɗaya a bayan kantar gidan waya ina yi wa rabin garin nan tsawa, ban taɓa yabon kowa a bainar jama'a ba, saboda haka ku gyara zama, yau ne farko.

Ban je ajinsa don ina so ba. Shekara goma sha biyu da suka wuce mijina Lajos ya rasu, na rufe tagogi na zauna da rigar barci har wata huɗu. Piroska, wadda ta yi aikin jinya a asibitin gunduma har ta gaji, ita ta zo ta buga mini ƙofa ta ce, "Aranka, ko ki sa takalmi ki biyo ni, ko in ɗauke ki a kan gadon marasa lafiya. Na saba." Na bi ta ina zaginta a hanya. Muka sauka wannan ɗakin, na tarar da tsofaffi wajen goma sanye da rigunan leda, da wani siririn dattijo mai shuɗin farce yana kiransu "yara."

Ya ba ni farin ƙyalle da hatimin katako mai zanen fure. Ya nuna mini yadda ake dangwala shi a ƙullu, a ɗora a kan ƙyallen, a daka masa dunƙule sau ɗaya. Inda ƙullun ya zauna shuni ba ya shiga, in an wanke sai furen ya fito fari a kan shuɗi. Wannan kowa ya sani, don babu gidan da babu irin wannan mayafin tebur a garinmu, amma ban taɓa yi da hannuna ba. Bayan mako huɗu ƙyallena ya bushe, aka rataye shi a ƙarfe aka zura a marina. Da aka ɗago shi sai ga shi kore shar, kamar ganyen kabeji.

Na ce, "Kai dattijo! Shuɗi aka ce mini. Wata guda na ɓata a kan tsumman goge tukunya?"

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "'Yata, rufe bakin nan minti ɗaya, ki buɗe ido."

Na rufe, don mamakin an samu mai gaya mini haka. Ina kallo iska ta bugi ƙyallen, koren ya fara juyawa daga gefe, yana ci yana ci, har ya zama shuɗi a gabana. Na rantse muku tsigar jikina sai da ta tashi. Ranar na koma gida na buɗe tagogi.

Kai ne ka buɗe su, Baba Kalman, ko da yake har yau ba ka taɓa taka ƙofar gidana ba. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Ku tambayi Jeno mahauci, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kashe masa hannun dama. Ya zo ne rakiyar matarsa, ya zauna a lungu yana cewa shi yanzu ko albasa ba ya iya yankawa. Mako na gaba Baba ya zo da hatimi wanda ya ɗaura wa maɗaurin fata, ya zura masa a hannun hagu ya ce, "Wanda ya yi shekara arba'in yana saran ƙashi ba ya kuskure, fure ne zai gagare shi? Buga!" Yanzu duk ajin babu mai jera layi miƙaƙƙe kamar Jeno. Ku tambayi masu gadin gidan abin da ya faru a hunturun da injin ɗumama ɗaki ya lalace. Kwana tara dattijon nan yana gasa bulo a murhun gidansa, yana naɗe su a bargo, yana turo su a keke cikin ƙanƙara yana jera wa marina don kada ta daskare. Babu wanda ya sa shi, kuma bai faɗa wa kowa ba sai da mai gadi ya tona.

To amma kada ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari. Mutumin nan yana da taurin kai irin na jakin da ya ga gada, kuma duk taurin kan a kan abu ɗaya yake: ƙullun.

Hatimai muna da su fiye da ɗari biyu, gadon gidansu. Shuni ana saye. Amma yadda ake haɗa ƙullun da zai zauna daram a kan ƙyalle, a tsoma shi sau takwas bai narke ba, sannan ya fita tas in an wanke, wannan sirrin gidan marina ne, kowane gida da nasa. Na gidansu Baba ya fito daga kakan kakansa. Ranar da mahaifinsa ya koya masa, sai da ya sa shi ya rantse a kan littafi mai tsarki cewa ba zai faɗa da baki ba, ba zai rubuta da alƙalami ba, sai ga ɗan da ya haifa. Shi kuwa ɗan nasa, Gabor, likitan haƙori ne a Kanada, kuma ya ce da shi da shuni sai dai a wandon jins.

Sau biyu a shekara ake haɗa ƙullu, kuma ranar haɗawa kowa da wahalar da yake ɗora masa. Piroska ta jiƙa ƙaro tun ranar Talata ta tace. Jeno ya tankaɗe farin yumɓu. Malam Tibor ya auna waɗansu gishiri masu launi ya narka. Ni kuwa? Bokiti da muciya. "Aranka, juya mini wannan." Kowa ya gama nasa ya zo ya juye mini ya tafi shan kofi, ni ina nan ina tuƙi kamar mai tuwon biki, kafaɗa na ciwo. In abin ya ishe ni sai in ƙwala, "Baba, wannan masifar ta yi kauri, na gaji!" Sai ya zo ya leƙa, ya ce, "Ci gaba." In ya ga dama sai ya ɗauke bokitin ya shige ɗan ɗakin baya, ya murza makulli, ya yi rabin awa, ya fito da ƙullu. A can ciki yake zuba sirrin, haka kowa ya sani. Ni dai na ƙudurta a raina cewa ya ba ni muciya ne don ya ga hannuna bai iya komai ba. Shekara goma sha biyu ina jin haushin wannan, kuma ban ɓoye ba.

Sai na gaya muku wane ne Malam Tibor, don da shi za a yi. Shekara talatin da biyar yana koyar da kimiyyar haɗa sinadarai a sakandaren garin nan, har yau kuma yana magana kamar duk duniya 'yan aji uku ne. Shekara uku da suka wuce ya ɗaga wani mayafi da na yi wa jikata, a gaban kowa, ya ce, "Wannan furanni ne, ko kaza ce ta bi ta kai?" Aka yi dariya. Tun daga ranar ban ƙara ce masa ko sannu ba. In ina son almakashi yana kusa da shi, sai in ce, "Piroska, gaya wa wancan allon makarantar ya miƙo almakashi." Shi kuma ya ce, "Piroska, gaya wa gidan waya an rufe."

A watan Afrilu na bana Baba ya tara mu ya ce idonsa ya tafi. Ba yana ba ce da za a kankare, likita ya ce babu gyara. Ya ce yanzu da hanci da yatsa yake gane marina, layin hatimi kuwa ba ya ganinsa sam, kuma ba zai tsaya yana koyar da abin da ba ya gani ba. Zai kai ƙarshen Agusta ya sauka. Ba mu gama haɗiye wannan ba sai ga Jolan, shugabar gidan, ta sauko da takarda a hannu. Ba muguwa ba ce, a gabanmu ta girma, amma aikinta take yi.

Ta ce, "Iyayena, ba zan ɓoye muku ba. Majalisar gari ta ce in babu ƙullu babu aji, in kuwa babu aji to rami mai zurfin mita biyu a ƙarƙashin gidan jama'a haɗari ne. Za a cike shi da siminti a mai da ɗakin wurin motsa jiki."

Jeno ya ce, "Motsa jiki? Su zo su ɗaga yadi ashirin jiƙaƙƙe su gani."

Ta ce, "Kawu Jeno, na roƙa muku abu ɗaya. Ranar bikin sa wa burodin sabuwar alkama albarka, ashirin ga Agusta, in aka shimfiɗa a teburin dandali mayafin da kuka yi tun daga ƙullu har wanki, babu hannun Baba a ciki, aji ya tsira. In babu, ma'aikata za su zo a Satumba."

Siminti! A cikin marinar da aka yi wa jigilar bulo kwana tara! Na ji kamar an ce za a sake binne Lajos. Ni ba ni da wani wuri. Talata da Alhamis su ne ƙafafun da makona yake tsaye a kai, in an cire su ban san inda zan faɗi ba.

Muka yi wa Baba ca. Piroska ta roƙe shi da hawaye. Jeno ya kai masa tsiran alade na gida har kilo biyu, ya karɓa ya ci, ya ce ya yi daɗi amma gishiri ya ɗan yi yawa. Ni na tare shi a matakala na ce, "Baba, mahaifinka shekara hamsin yana kabari. Mu muna raye!" Ya ce, "Shi ya sa ba zan iya komawa in nemi ya warware mini ba, 'yata. Na rantse." Na ce to Allah ya ba shi lafiyar kai sirrin lahira, ya rina wa mala'iku riguna. Ya yi dariya har da tari, ya hau kekensa.

Ba zan ɓoye abin kunyata ba: na gwada leƙen ramin makullin ɗakin baya. Ina durƙushe, mace mai shekara sittin da tara, gwiwa na ƙara, sai na ga baƙi ƙirin. Ashe hularsa ya rataya a wurin.

Shi kuwa Malam Tibor sai ya ce ai wannan kimiyya ce, ba tsafi ba. Ya hau jirgin ƙasa zuwa babban ɗakin karatu na birni, ya dawo da littattafai uku, ɗaya ma da Jamusanci. Mako biyu yana kwaɓe-kwaɓe a garejinsa shi kaɗai. Bai tambayi Piroska komai ba, bai tambayi Jeno ba. Me mai jinya da mahauci za su gaya wa mai digiri? Ni kuwa dama ba ma magana. Ya kawo ƙullunsa a kwalba har da takarda manne a jiki. Aka buga, aka jira ya bushe, aka tsoma. Tsomi na farko lafiya. Na biyu lafiya, har ya fara gyara tabarau yana duban mutane. A na uku furannin suka fara zubar da hawaye. Kafin na biyar babu ko ɗigo, ƙyalle ya fito shuɗi fes kamar rigar makanike.

Na buɗe baki zan ce, "Piroska, tambayi allon makaranta ko kazar ce ta cinye furannin," sai na ga fuskarsa. Dattijo ya tsaya da ƙyalle yana ɗiga a takalminsa. Ashe shi ma ba shi da wani wurin. Na haɗiye maganata, kuma ku yarda da ni, ta yi mini ɗaci a maƙogwaro.

Ranar Talatar farko ta watan Yuli Baba ya ce, "Yara, jibi za a haɗa ƙullu. Piroska, jiƙa ƙaro." Muka dubi juna. Me amfanin ƙullun da ya haɗa, tunda an ce babu hannunsa? Amma ba a yi masa musu a ɗakin nan, sai ni, ni kuma na gaji.

Ranar Alhamis muka tarar ya kira Jolan ta zauna a matakala. Ya ciro makullin ɗakin baya ya miƙa mini ya ce, "Ke da kika fi kowa son gani, buɗe." Na buɗe. Jama'a! Kujera ɗaya ce, da ƙaramar rediyo, da butar kofi, da tarin tsofaffin jaridu an cike duk wasan kalmomin da ke bayansu. Babu kwalba, babu garwa, babu ko cokali.

Na ce, "Baba, ina kayan?"

Ya ce, "Waɗanne kaya?"

"Abin da kake zubawa mana!"

Ya jawo kujerar ya zauna a tsakiyar ɗakin rini, ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne. Ya ce, "Jolan, ki zama shaida, ga hannuwana. Bakina kuma na rufe. Kowa ya yi aikin da ya saba."

Muka tsaya cirko-cirko. Malam Tibor ne ya fara magana, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Piroska, ƙaron nan nawa kike jiƙawa?" Ta ce, "Oho, ni ban taɓa aunawa ba. Jan kwanon nan nake cikawa zuwa inda fentin ya ɓantare, ruwa kuma tulun nan biyu, ya kwana biyu." Ya juya ga Jeno. Jeno ya ce, "Yumɓu kofin ƙarfen nan bakwai, a shafe baki, a tankaɗe sau uku. Shekara tara ke nan, ko cikin barci aka tashe ni." Malam Tibor ya cire tabarau ya zauna a kan akwati. Ya ce, "Ni kuma gishirin nan uku na san nauyinsu har zuwa giram. Na ɗauka somin-taɓi ne kawai, ainihin abin yana ɗakin baya. Na je har birni neman abin da yake cikin jan kwano."

Sai ya miƙe da zafinsa, ya ɗauki kwanon gishirinsa ya nufo bokitina zai juye. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba: "Kai Tibor, tsaya! Wa ya ce yanzu? Kai ne na ƙarshe, kuma sai naka ya huce har ka iya sa gwiwar hannu. Ƙaro tukuna, rabi. Jeno, kofi biyu-biyu za ka riƙa zubawa, kada ka juye mini gaba ɗaya ya yi gudaji!"

Shekara uku ke nan ban kira sunansa ba. Ya dube ni ya ce, "Aranka, wa ya gaya miki haka?" Babu wanda ya gaya mini. Sau ashirin da huɗu ana zuwa ana juye mini a bokiti ɗaya bayan ɗaya, ni ce kaɗai na ga wanda ke fara zuwa da wanda ke biyo baya, don sauran kowa ya zuba nasa sai ya tafi shan kofi.

Na kama muciya. Na tuƙa, na tuƙa. Tibor ya tsaya a kaina yana tambaya minti nawa ake yi, na ce ya matsa ya ba ni iska. Can sai kafaɗata ta yi wannan ciwon da na sani, muciya ta fara jan hannu, na ɗaga ta ƙullun ya zubo kamar zare bai tsinke ba. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni: "Baba, wannan masifar ta yi kauri, na..."

Ban ƙarasa ba. Sai a lokacin na tuna. A shekarun farko in na yi wannan ƙarar, "Ci gaba" yake cewa. Amma shekara shida ke nan bai ce mini ci gaba ba. Da na yi ƙara yake zuwa ya ɗauke bokitin, ya shiga ɗaki ya cike wasan kalmominsa, ya fito da shi yadda na ba shi. Na juya na dube shi. Yana zaune a kan hannayensa, hawaye na bin kumatunsa, ba shi da hannun sharewa.

Na ce, "Tsohon maƙaryaci! Shekara goma sha biyu ina cewa ka raina ni!"

Bai amsa ba, don ya ce ya rufe baki. Kafaɗunsa kawai ke rawa don dariya.

Amma fa haɗa ƙullu daban, ya riƙe daban. Muka buga yadi shida, Jeno ya ja layin gefe, ni na buga furannin tsakiya, Tibor na riƙe mini ƙyalle bai ce kaza ba bai ce zakara ba. Muka rataye shi mako biyar. Ranar sha bakwai ga Agusta muka tsoma, rabin ajin zane da na saƙa sun sauko kallo, matakala ta cika. Tsomi na uku, inda na Tibor ya mutu, Piroska ta rufe ido tana addu'a. Ya riƙe! Na biyar, ya riƙe! Jeno na ƙirgawa da ƙarfi kamar mai gwanjo a kasuwar shanu. Na takwas muka ɗago shi shuɗi mai duhu, muka kai kwamin ruwan tsami muka zura. Ƙullun ya fara saki, sai ga furanni suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, fari tas. Wayyo daɗi! Na yi ihun da mai gadi ya ce ya ji daga bakin titi. Na rungume wanda ke kusa da ni, sai da na sake shi na ga Tibor ne, na ce to ai shi ke nan, an riga an yi.

Baba ya ce a kawo masa. Ya shafa shi tun daga gefe har tsakiya, ya kai hanci, sannan ya ce, "Ba na gani, yara. Farin ya fito?" Jolan ce ta amsa: "Kamar madara, Baba." Ya gyaɗa kai ya ce, "To ban faɗa ba, ban rubuta ba. Gobe zan je kabari in gaya wa tsohona haka, in yana da magana ya yi." Sannan ya nuna mu da shuɗin yatsansa: "Ku kuma ku ji. Babu wanda yake da shi duka a cikinku. Wanda ya yi fushi ya daina zuwa, ya tafi da ƙullun kowa. Ku yi faɗanku, amma ku zo ranar Alhamis."

Ranar ashirin ga wata sabon burodi ya zauna a kan mayafinmu a tsakiyar dandali, limamin coci ya sa masa albarka, siminti kuma ya nemi wani ramin.

Baba Kalman, mai shuɗin hannu da farar zuciya, kai ne ka karɓi mutanen da duniya ta gama da su, gwauraye da masu fansho da masu ciwo, ka kira mu yara har muka yarda. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kai kuwa busassu aka kawo maka, ba ka karya ko ɗaya ba. Kai ne ka riƙe alkawarin mahaifinka, ba ka kuma bar mu a rana ba, alhali mu duka mun rantse sai ɗaya ta faɗi. Kai ne ka yi shekara goma sha biyu ina zaginka a kan muciya, kana sane da abin da kake zuba mini a hannu, ba ka taɓa kare kanka ba. Na gode. Mun gode, ni da Piroska da Jeno da wancan allon makarantar. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa hasken da ya bar idonka ya koma zuciyarka.

Ku kuma masu karatu, duk mai wata sana'a a hannu, ko saƙa ce ko sassaƙa ko gyaran agogo, kada ya zauna jiran magajin da ke Kanada. Gidan raya al'adu na garinku yana da ɗaki a ƙasa, kuma akwai wata mai rigar barci a bayan rufaffiyar taga wadda ba ta san tana jiranku ba. Ku je ku ba ta aiki. Wanda kuma yake ganin ya tsufa da koyo, gemu ba ya hana ilimi, aji na farawa ƙarfe tara.

Yanzu ni ke riƙe da makulli. Baba yana zuwa ranar Alhamis, Tibor ke ɗauko shi a mota, ya gai da marina ya zauna. A watan jiya muka samu sabuwar ɗaliba, Gizella, shekara sittin da biyu, ta yi ritaya daga tuƙin bas, bakinta kuwa ya kusa kamo nawa. Ranar haɗa ƙullu na miƙa mata bokiti da muciya. Ba a yi minti goma ba ta ƙwala, "Ke Aranka, wannan bautar fa? Ni fure na zo bugawa! Abin nan ya yi kauri, na gaji!"

Na je na leƙa bokitin. Na ji Baba na dariya ƙasa-ƙasa a bayana.

Na ce, "Ci gaba."